Ƙarancin RAM a tsohuwar kwamfuta

Ƙarancin RAM matsala ce da ke samun kwamfuta idan manhajojin da aka buɗe suka nemi wurin aiki fiye da wanda na'urar take da shi. RAM shi ne ɓangaren da kwamfuta ke ɗora duk abin da take aiki a kansa a daidai wannan lokacin, kuma ana auna girmansa da megabait ko gigabait, waɗanda ake taƙaitawa da MB da GB. Idan ya cika, kwamfuta takan yi nauyi, ta riƙa tsayawa cak, wani lokaci ma ta rufe manhaja ba tare da an adana aikin da ke ciki ba. Matsalar ta fi addabar kwamfutocin da aka ƙera tsakanin 2005 da 2013, waɗanda galibi suka zo da 1 GB zuwa 4 GB. Har yanzu ana aiki da irin waɗannan a gidaje, makarantu da shagunan buga takardu na garuruwan arewacin jihar Kano, kamar Ɗambatta, Bichi, Makoɗa, Kunci, Tsanyawa da Minjibir.

Bambancin RAM da ma'ajiya

A Hausar yau da kullum, kalmar "memori" ta fi nufin ƙaramin katin da ake sakawa a waya don zuba hotuna da fina-finai. Wannan yana jawo ruɗani, domin idan kwamfuta ta yi kukan ƙarancin memori, mutane da yawa sukan fara goge bidiyo da waƙoƙi, sannan su ga nauyin yana nan yadda yake. Abubuwa biyu ne daban. Faifan ajiya, wato had-dis a bakin masu gyara, shi ne wurin da fayiloli ke zama ko da an kashe kwamfuta. RAM kuwa wurin aiki ne na wucin gadi.

Ana iya kwatanta faifan ajiya da rumbu, RAM da turmi, furosesa kuma da mai daka. Komai cikar rumbu da ƙarfin mai daka, ba za a daka fiye da abin da turmin ya ɗauka a lokaci ɗaya ba, kuma rage hatsin da ke cikin rumbu ba ya ƙara wa turmi faɗi. Inda kwatancen ya gaza shi ne, abin da ke cikin RAM yana ɓacewa gaba ɗaya da zarar wuta ta yanke. Shi ya sa takardar da aka shafe awa guda ana bugawa a kwamfutar tebur take salwanta idan an ɗauke wuta kafin a adana ta.

Yadda matsalar take faruwa

Idan RAM ya kusa cika, babbar manhajar kwamfuta ba ta tsayawa nan take. Takan zaɓi bayanan da aka daɗe ba a taɓa ba, ta kwashe su zuwa wani fayil na musamman a kan faifan ajiya, domin ta samar wa sabon aiki wuri. A Windows sunan fayil ɗin pagefile.sys, kuma yana ɓoye ne a ɓangaren C na faifan. A Linux ana kiran wurin swap. Wannan dabara ta aron wuri daga faifai ta girmi kwamfutocin gida, domin an fara aiki da ita a kwamfutar Atlas ta Jami'ar Manchester da ke Ingila a 1962.

Illar dabarar ita ce tazarar sauri. Ɗauko bayani daga RAM yana ɗaukar kimanin kashi ɗaya cikin miliyan goma na daƙiƙa, alhali faifan ajiya mai juyawa yana buƙatar kimanin kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa kafin allurarsa ta kai wurin da bayanin yake. Wato faifan ya fi jinkiri da kusan ninki 100,000. Da a ce ɗauko abu daga RAM daƙiƙa ɗaya ne, to ɗauko shi daga faifan zai ɗauki fiye da kwana guda. Idan ƙarancin ya yi tsanani, kwamfuta takan ƙare lokacinta wajen kai bayanai faifai da dawo da su, ta fitar da wannan don ta shigo da wancan, sannan a sake neman wanda ta fitar yanzu. Masanin kwamfuta Peter Denning ya yi bayanin wannan yanayi a 1968. A irin wannan hali furosesa yana zaune ne kusan babu aiki, yana jira, shi ya sa sauya furosesa ba ya magance matsalar.

Tarihi

Robert Dennard na kamfanin IBM ne ya ƙirƙiro nau'in RAM da ake kira DRAM a 1966, wanda har yau shi ne tushen RAM na kwamfutoci da wayoyi. Kwamfutar IBM PC ta 1981 ta fito da 16 KB kacal a ƙaramin samfurinta. Daga nan buƙatar manhajoji ta riƙa hauhawa. Windows XP ta 2001 tana tashi da 64 MB, ko da yake Microsoft ya ba da shawarar 128 MB. Windows Vista ta 2007 ta nemi aƙalla 512 MB. Windows 7 ta 2009 da Windows 10 ta 2015 sun nemi 1 GB ga nau'in 32-bit, da 2 GB ga nau'in 64-bit. Windows 11 ta 2021 ba ta karɓar ƙasa da 4 GB.

Waɗannan alƙaluma na tashin babbar manhajar ne kawai, ba su haɗa da aikin da za a yi a kanta ba. Abin da ya fi sauyawa a shekarun nan shi ne intanet. Shafukan da a da rubutu ne da 'yan hotuna yanzu sun zama manyan manhajoji masu gudana a cikin burauza, kuma tun fitowar Chrome a 2008 aka saba ware wa shafuka nasu wurin aiki daban-daban don kada faɗuwar ɗaya ta shafi sauran. Tsarin ya ƙara tsaro, amma yana cin RAM. Kwamfutar da ta ishi mai ita a 2010 ba ta lalace ba, aikin da ake ɗora mata ne ya ƙaru.

Alamomi da yadda ake tabbatarwa

Alamar farko ita ce kwamfuta ta yi aiki lafiya da manhaja ɗaya, amma ta fara ja da zarar an buɗe ta biyu ko ta uku. Fitilar faifan ajiya takan tsaya a kunne ba ƙiftawa, ana jin ƙarar faifan ba tsayawa, komawa daga wannan taga zuwa waccan yana ɗaukar daƙiƙoƙi masu yawa, rubutu kuma yana fitowa a allo bayan an daɗe da danna haruffan. Windows XP kan nuna saƙon "Virtual Memory Minimum Too Low", Windows 7 da na bayanta kuma "Your computer is low on memory".

Ba kowane nauyi ne ƙarancin RAM ba, don haka ana tabbatarwa kafin a kashe kuɗi. Danna Ctrl da Shift da Esc tare yana buɗe Task Manager. A sashen Performance ana ganin yawan RAM da kwamfutar ta gane, da abin da ake amfani da shi. Lambar da ta fi muhimmanci ita ce Available, wato abin da ya rage wanda za a iya ba sabon aiki. Windows takan cika wurin da ba a buƙata da fayilolin da take tsammanin za a nema, ta kuma sake shi da zarar an buƙata, saboda haka babbar lamba a ƙarƙashin Cached ba matsala ba ce. Idan Available ya sauko zuwa 'yan megabait ɗari ko ƙasa da haka, faifai kuma yana aiki babu hutu, to RAM ne. Idan kuwa akwai sauran RAM da yawa amma furosesa yana kan kashi 100, ko fanka tana ta ihu, matsalar tana wani wuri. Sashen Processes yana jera manhajoji bisa abin da kowace take ci, kuma a nan ake gane wadda ta fi kowa haɗama.

Yanayin arewacin Kano

Mafi yawan kwamfutocin da ke hannun ɗalibai da malamai a yankin 'yan gwanjo ne da aka yi amfani da su a ofisoshin Turai da Amurka, waɗanda ake kira tokumbo ko Landan-yus. Da yawa suna shigowa ta Legas, inda babbar kasuwar Computer Village take a Ikeja, su iso shagunan birnin Kano irin na titin Beirut da kasuwar waya ta Farm Centre. Samfuran HP EliteBook da ProBook, Dell Latitude da OptiPlex, da Lenovo ThinkPad sun yi suna saboda ƙarko. Sau da yawa RAM ɗin da ke ciki bai wuce 2 GB ko 4 GB ba, kuma an ɗora musu Windows 10 tun a shago.

Buƙatar kwamfuta ta ƙaru a karkara tun da hukumar JAMB ta fara jarrabawa a kan kwamfuta a 2013, ta kuma mayar da ita gaba ɗaya haka a 2015. Ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke Bichi da na Kwalejin Aikin Gona ta Audu Baƙo da ke Ɗambatta suna buga ayyukansu da yin rajista ta intanet, shagunan buga takardu kuma suna tsara katin ɗaurin aure, kalandar makarantun Islamiyya da fostocin 'yan siyasa, yawanci da CorelDRAW.

Aikin zane ne ya fi saurin tona asirin ƙaramin RAM, domin girman hoto a faifai ba shi ne girmansa a RAM ba. Hoton waya mai ɗigo 4,000 a tsawo da 3,000 a faɗi, wanda bai wuce 3 MB ko 4 MB ba a matse, yana zama kimanin 36 MB idan an buɗe shi, tun da kowane ɗigo yana cin bait uku. Bana mai ƙafa 10 a tsawo da ƙafa 4 a faɗi, idan aka mayar da ita hoto mai ɗigo 300 a kowane inci da launuka huɗu na maɗaba'a, ta haura 2 GB ita kaɗai. Idan aka rage zuwa ɗigo 100 a inci sai ta koma kimanin 230 MB, kuma mai kallo daga bakin titi ba zai ga bambanci ba. Wannan ƙaramin lissafi ya isa ya raba mai shago da sandarewar kwamfuta a ranar da aiki ya yi yawa.

Gyaran da ba ya cin kuɗi

Mataki mafi sauƙi shi ne sake tayar da kwamfuta. Wasu manhajoji suna da aibin karɓar RAM ba tare da sun mayar ba, har abin ya taru bayan kwanaki. Daga Windows 8 zuwa sama, danna Shut down ba ya wanke komai, saboda tsarin Fast Startup yana adana wani ɓangare na babbar manhajar don ta tashi da sauri. Restart ne yake farawa daga tushe. Masu laftof da suka saba rufe murfi kawai saboda tattalin caji sukan shafe makonni ba su yi hakan ba.

Na biyu shi ne rage manhajojin da ke tashi tare da kwamfuta. Masu ɗora Windows a shago sukan zuba manhajoji barkatai don burge mai saye: na saukar da fayil, na kallon bidiyo iri uku, na haɗa waya da kwamfuta, da sauransu, kuma da yawansu suna zaune a RAM ko ba a buɗe su ba. A Windows 8 da 10 ana kashe su a sashen Startup na Task Manager, a Windows 7 kuma ta hanyar rubuta msconfig a akwatin bincike. Wadda ba a amfani da ita sam, cire ta ya fi. Haka nan ɗora manyan manhajojin riga-kafin bairos biyu ko uku a kwamfuta ɗaya yana ƙara nauyi ba tare da ƙarin tsaro ba. Windows 10 ta zo da nata, Windows Defender. Sai dai tsoron bairos ɗin yana da dalili, domin filash da katin memori da ke yawo tsakanin shagunan masu tura fina-finai da na buga takardu suna yaɗa shi, kuma manhajar da ba a san ta ba mai cin RAM da yawa a Task Manager tana iya zama bairos.

A burauza, kowane shafin da aka bari a buɗe yana riƙe nasa kason. YouTube, Facebook da WhatsApp Web suna cikin masu nauyi. A kwamfuta mai 2 GB, shafi biyu ko uku ne iyakar abin da za a yi aiki da shi cikin kwanciyar hankali. Danna Shift da Esc a cikin Chrome yana nuna abin da kowane shafi da kowane ƙari yake ci. Sababbin nau'o'in Chrome suna da Memory Saver, Edge kuma yana da Sleeping tabs, dukansu suna kwantar da shafin da aka daɗe ba a leƙa ba.

Game da pagefile.sys, shawarar da ta fi aminci ita ce a bar Windows ta riƙa daidaita girmansa da kanta. Ana duba wannan ta rubuta sysdm.cpl, a shiga Advanced, sannan Settings na Performance, sannan Virtual memory. Tsohuwar ƙa'idar masu gyara ita ce a sa shi ninki ɗaya da rabi na RAM. Kashe shi gaba ɗaya, kamar yadda wasu bidiyoyi ke ba da shawara, kuskure ne a kwamfuta mai ƙaramin RAM, domin manhajoji za su riƙa rufewa ba gargaɗi. A nan ne kaɗai cikar faifai take shafar matsalar: idan ɓangaren C ya cika maƙil, fayil ɗin ba zai sami wurin faɗaɗa ba, don haka ana barin 'yan gigabait a sarari. A wannan taga ta Performance kuma akwai zaɓin Adjust for best performance, wanda ke kashe kwalliyar allo, amma ribarsa kaɗan ce.

Ƙara RAM

Duk matakan da suka gabata tattali ne. Maganin da ke kawar da matsalar shi ne ƙara RAM, idan kwamfutar tana karɓa. RAM yana zuwa ne a siririn kati mai haƙoran zinari a gefe ɗaya, wanda ake sokawa a gurbinsa a kan babban allon kwamfuta, wato madabod. Na kwamfutar tebur dogo ne, ana kiransa DIMM, na laftof gajere, ana kiransa SO-DIMM.

Tsararrakin RAM ba sa maye gurbin juna. DDR2 ya fito a 2003 yana aiki da bolt 1.8, DDR3 a 2007 da bolt 1.5, DDR4 a 2014 da bolt 1.2. A kwamfutar tebur DDR2 da DDR3 duk haƙora 240 gare su, amma giɓin da ke tsakanin haƙoran ba a wuri ɗaya yake ba, an yi haka ne da gangan don kada a saka wanda bai dace ba. A laftof DDR2 yana da haƙora 200, DDR3 204, DDR4 260. Katin da ya ƙi shiga ba a tura shi da ƙarfi.

Takardar da ke manne a jikin kati tana faɗin komai. PC2 yana nufin DDR2, PC3 DDR3, PC4 DDR4. Lambar da ke biye saurinsa ce: PC2-6400 shi ne DDR2-800, PC3-10600 shi ne DDR3-1333, PC3-12800 kuma DDR3-1600. Harafin ƙarshe yana da muhimmanci a kasuwar gwanjo. S na laftof ne, U na kwamfutar tebur, R kuwa na manyan kwamfutocin saba ne, wanda zai iya shiga gurbin kwamfutar gida amma ba za ta tashi da shi ba. Akwai kuma PC3L, wato DDR3 mai aiki da bolt 1.35. Laftof masu furosesan Intel Core na tsara ta huɗu, irin su EliteBook 840 G1, suna buƙatar PC3L, kuma sau da yawa ba sa tashi da PC3 na gama-gari duk da cewa yana shiga gurbin daidai. Wani tarkon shi ne tsofaffin laftof na farkon zamanin DDR3, waɗanda kan ƙi katin 4 GB mai alamar 1Rx8, su karɓi mai alamar 2Rx8.

Kowace kwamfuta tana da iyaka. HP EliteBook 8440p da Dell Latitude E6410 suna ɗaukar 8 GB, wato 4 GB a kowane gurbi. ThinkPad T60 ba ta amfani da fiye da kusan 3 GB ko me aka saka mata. Ƙananan laftof masu furosesan Atom N270 ko N450 sun tsaya a 2 GB. Wasu laftof masu araha na baya-bayan nan kuma an narka RAM ɗinsu a jikin madabod, babu gurbin ƙari sam. Manhajar CPU-Z, wadda kyauta ce, tana nuna nau'in RAM da gurabun da ke cike, haka ma Task Manager na Windows 10.

Ga mai zuwa Kano daga Kunci ko Makoɗa, katin da bai dace ba yana nufin kuɗin mota sau biyu. Tafiya da laftof ɗin, ko aƙalla da tsohon katin, da gwada sabon a gaban mai shago har kwamfutar ta tashi ta nuna adadin da aka biya kuɗinsa, shi ne ya fi. Kati biyu masu girma da sauri iri ɗaya sun fi aiki tare. Idan saurinsu ya bambanta, dukansu za su sauko zuwa saurin na ƙasa.

Kafin a saka, ana kashe kwamfuta, a cire caja da batir, a danne maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙoƙi don sauran wuta ta fita. A lokacin hunturu, da iska ke bushewa ƙayau, jikin mutum yana tara wutar da ke sa a ji tsartsi idan an taɓa ƙarfe, kuma ita kaɗai ta isa ta kashe kati. Don haka ana taɓa wani ƙarfe tukuna, a riƙe katin ta gefe, ba a taɓa haƙoransa. A laftof ana soka shi a karkace, sannan a danna shi ƙasa har maƙallan gefe biyu su kama. A kwamfutar tebur a tsaye ake danna shi. Wasu laftof, kamar Latitude D630, gurbi ɗaya yana ƙasa, ɗayan kuma a ƙarƙashin allon madannai.

Iyakar 32-bit

Yakan faru a saka 8 GB amma kwamfuta ta nuna tana amfani da 3 GB da 'yan kai. Dalilin shi ne Windows mai 32-bit tana iya lissafa adireshi 4,294,967,296 ne kawai, wato 4 GB, kuma ana yanke wani kaso daga ciki don na'urar hoto da sauran sassa. Maganin shi ne ɗora nau'in 64-bit, wanda ke buƙatar a kwashe fayiloli a sake ɗora Windows daga farko. Yawancin furosesa daga Core 2 Duo zuwa sama suna ɗaukar 64-bit. Windows 7 Starter kuma an ƙayyade ta a 2 GB. A kwamfutar da ba za ta wuce 2 GB ba, nau'in 32-bit ya fi dacewa, domin ya fi ƙarancin ci.

Ƙura, zafi da lalacewar kati

Wani lokaci RAM ɗin yana nan, kwamfutar ce ta daina ganinsa. Ƙurar hunturu tana shiga gurabu, jijjigar babur a hanyar ƙauye kuma tana sassauta kati, sai kwamfuta mai 4 GB ta wayi gari tana nuna 2 GB, ko ta kunnu allo baƙi tana ƙara tit-tit. Masu gyara sukan cire katin, su goge haƙoransa a hankali da robar goge fensir, su hure gurbin, su mayar. Zafin bazara kuma yana sa furosesa ya rage gudu don kare kansa, abin da ke kama da ƙarancin RAM amma maganinsa share fanka ne da daina ɗora laftof a kan katifa ko darduma.

Katin da ya lalace yana haddasa shuɗin allo, mutuwar manhajoji ba dalili, da lalacewar fayiloli. Ana gwada shi da Windows Memory Diagnostic, wadda ake buɗewa ta rubuta mdsched, ko da Memtest86+ da ake tayarwa daga filash. Kuskure ko guda ɗaya ya isa a cire katin. Idan katuna biyu ne, ana gwada su ɗaya bayan ɗaya.

Idan ba za a iya ƙarawa ba

Sauya faifai mai juyawa da SSD ba ya ƙara RAM, amma yana rage azabar aron wuri ƙwarai, domin SSD ba shi da allurar da za ta yi tafiya kafin ta sami bayani. A laftof mai 4 GB wannan sauyi yakan fi kowane gyara fitowa fili, ga shi kuma ya fi jure jijjiga da rage cin batir, abin da ke da amfani a inda wutar KEDCO ba ta zama, ake dogaro da sola ko janareto. Tsarin ReadyBoost, wanda ya zo da Windows Vista, yana amfani da filash wajen saurin ɗauko ƙananan fayiloli. Ba RAM ba ne, kuma taimakonsa ɗan kaɗan ne.

Wata hanyar ita ce sauya babbar manhaja zuwa Linux mara nauyi, kamar Lubuntu, Linux Mint Xfce, ko antiX wadda aka tsara don tsofaffin kwamfutoci. Suna zuwa da burauza, ana samun LibreOffice don buga takardu, akwai tsarin madannai na Hausa mai ɓ da ɗ da ƙ, kuma suna iya matse bayanai a cikin RAM ta hanyar zram. Cikas ɗin shi ne CorelDRAW da yawancin manhajojin gwajin JAMB na kwamfuta don Windows aka yi su, sannan masu gyaran da suka san Linux ba su da yawa a wajen birni.

Komawa tsohuwar Windows don ta fi sauƙi yana da nasa haɗarin. Microsoft ya daina sabunta tsaron Windows XP a ranar 8 ga Afrilu 2014, Windows 7 a ranar 14 ga Janairu 2020, Windows 10 kuma wa'adinta na yau da kullum ya ƙare a ranar 14 ga Oktoba 2025. Chrome 109 shi ne na ƙarshe da ke aiki a Windows 7. Irin wannan kwamfuta tana iya ci gaba da buga takardu da gwajin jarrabawa ba tare da intanet ba, amma bai kamata a shiga asusun banki da ita ba.

Manhajojin da ke iƙirarin ƙara RAM

Babu manhajar da ake saukewa ta ƙara wa kwamfuta RAM, domin RAM kaya ne da ake riƙewa a hannu. Waɗanda ake tallatawa da sunan masu wanke RAM galibi suna tura bayanai ne zuwa pagefile.sys don lambar da ke allo ta yi kyau, sai kwamfuta ta sake ɗauko su daga faifai da zarar an koma aiki. Wasunsu ma suna ɗauke da talla ko bairos. Yaudarar ta daɗe: a 1995 kamfanin Syncronys ya sayar da manhajar SoftRAM, wadda ya ce tana ninka RAM na Windows, amma gwaje-gwaje suka nuna ba ta yin hakan, kuma a 1996 Hukumar Kasuwanci ta Tarayyar Amurka ta tuhumi kamfanin da yaudarar masu saye.